Dattijon da Ya Ƙi Kwanciya a Kubensa

Karanglo, watan Suro (Muharram), 1984

Zuwa ga Pakde Marto, yayan mahaifina, a Lampung.

Assalamu alaikum. Ina miƙa gaisuwa da ladabi gare ka da matarka Bude da ƙannena duka. Yaya ciwon gwiwar nan taka, ya lafa? Mu nan lafiya lau. Shinkafa ta fara ɗaukar ciki, saniya ta daina tari, rufin madafa ne dai har yanzu yake yoyo a inda ka san shi.

Na yi wa keris ɗinka, wuƙar nan ta gado, wankan shekara kamar yadda ka umarta. Na yi azumin kwana ɗaya kafin na taɓa shi. Na ɗaga shi zuwa goshina, na nemi izininsa, na zare shi, na cire ƙotar, na kwantar da ƙarfen cikin kwamin itace, na zuba masa ruwan tsohuwar kwakwa. Ina cikin haka maƙwabcinmu Pak Karso ya leƙo ta kan shinge da nasa keris ɗin a hannu.

Ya ce, "Wagiran, kwamina ya tsage. Ka ɗan matsa wa nawa wuri, ai tsofaffi biyu ba sa faɗa a wurin wanka."

Na ce, "To, Pak." Dattijo ne, kuma ni zaman amana nake yi a gidan nan, ban ga yadda zan ce a'a ba.

Da tsatsar ta jiƙa na goge su da lemun tsami har zanen ƙarfen ya fito. Pakde, da ka gan su da ka yi murna. Duka biyun miƙaƙƙu ne, tsawonsu kusan ɗaya, ɗaya dai ya fi kauri, ɗaya siriri. Na shafa musu mai, na mayar da ƙotocin, na sa kowanne a kubensa.

Ga albishir. Ka san da na ɗauko naka ƙarfen ya leƙo waje daga kube kamar faɗin yatsa, bai shige duka ba. Ashe tsatsa ce ta hana shi. Yanzu ya shige tsaf, ya kwanta lafiya, ko gashi ba zai wuce tsakaninsu ba. Kada ka sa damuwarsa a ranka.

Ɗanka, Wagiran.

Lampung, ƙarshen Suro

Wagiran,

Lafiyarmu ƙalau, in ban da ni da na karanta wasiƙarka. Budenka ta ce fuskata ta koma kalar dafaffen rogo.

Ya kwanta? Le, yarona, ka san abin da ka rubuta kuwa? Dattijon nan, keris ɗina, bai taɓa kwanciya ba! Tun zamanin mahaifina bai taɓa shiga kubensa duka ba, domin gadi yake yi. Ido ɗaya a waje, dare da rana. Shi ya sa ɓarawo bai taɓa shiga gidan nan ba, shi ya sa na bar shi can ban tsallaka teku da shi ba. Duk baƙon da ya taɓa zama a tabarmata ya ji wannan labarin. Kai ne kawai ba ka ji ba, kullum kana bayan gida kana yanka wa saniya ciyawa. Ƙarfen tsohuwar daular Majapahit ne, kakan kakanmu ya ɗauke shi a fadar Solo, ka zo ka kira gadinsa tsatsa.

Ko dai ka kashe shi da lemun tsami, ko ka ba Karso nawa ka riƙe nasa. Wa ya ce ka haɗa su kwami ɗaya? Mutumin da kubensa ma irin na garin Yogya ne, ba na Solo ba!

Ka saurare ni. Gida da gona na ba ka ne domin ka kula da Dattijo. In watan Maulidi ya fita bai koma yadda na bar shi ba, ka ba Paimin ƙanin Budenka makullai. Ya daɗe yana roƙo. Na rubuta masa shi ma.

Yoyon madafa kuma, ka sa bokiti.

Pakdenka.

Karanglo, watan Safar

Pakde,

Gaisuwa da neman gafara. Allah ya huci zuciyarka, ya sauƙaƙa gwiwa. Mu lafiya, sai dai barci da ya ragu.

Wasiƙarka ta daɗe a hanya. Kafin ta iso, Pak Karso ya riga ya fara zarya a gidan nan. Ya ce nasa keris ɗin ya yi shiru. Na ce dama magana yake yi? Ya dube ni kamar na tambaye shi ko shinkafa ana ci.

Ya ce, "Yaro, duk lokacin da na ɗauko shi kafin tafiya, in ya yi ƙwas-ƙwas a cikin kube, to akwai haɗari a hanya, sai in fasa. Yanzu na girgiza shi har kafaɗata ta yi ciwo, ko uffan."

Na ce, "To ai ka ga babu haɗari ke nan, Pak."

Ya ce, "Ta ina zan sani, tunda bai faɗa ba?"

Da na karanta wasiƙarka sai na miƙe nan take. Na naɗe naka a zane na tsallaka gidansa. Muka zauna a baranda, muka nemi izini, muka zare su, muka musanya. Pakde, mai kaurin da na ba Pak Karso, da na sa shi a kubenka sai ya tsaya, ya leƙo faɗin yatsa, daidai yadda ka bar shi. Siririn kuma da ya shiga kuben Pak Karso sai ya ce ƙwas. Pak Karso har da ƙwalla. Ya ce, "Ka dawo, Mbah, kakanmu?"

Ka ga ashe na musanya su ne ban sani ba. Na ga kowanne ya zauna daram a inda na sa shi, ban yi tunanin komai ba. Na ce alhamdulillahi, magana ta ƙare, na fara naɗe mai kaurin zan taho.

Sai matarsa Bu Karso ta fito da shayi. Ta ajiye tiren da ƙarfi har kofuna suka yi tsalle.

Ta ce, "Ku dakata. Ni ba ni da ilimin ƙarfe, amma na san tukunya da murfinta. Ɗazu kowanne ya rufu ruf. Yanzu ɗaya ya yi yawa, ɗaya yana rawa. Wannan ne kuke kira daidai?"

Pak Karso ya ce, "Bu, wannan ba maganar mata ba ce."

Ta ce, "Ba maganar mata ba ce? Wa ya rasa bikin ƙanwarsa a Semarang saboda ƙwas-ƙwas? Wa ya dafa abincin tafiya sau nawa aka cinye shi a tsakar gida? Tunda na aure ka ban wuce kasuwar Klaten ba. Makonnin nan da ya yi shiru har gidan 'yata na je na dawo, mota ba ta faɗi ba."

Ta karɓe mai kaurin daga hannuna, ta mayar a kubensu, ta kai ɗaki ta kulle a kabad, ta sa makullin a cikin ɗaurin zaninta. Ta ce ba za a taɓa komai ba sai an je Solo wurin masani ya faɗi asalin kowanne. In ya ce mai rawar ne nasu, za ta haƙura ta mutu a Karanglo.

Pakde, ka san Bu Karso. Na dubi mijinta, shi kuma yana duban shayi.

Za mu je wurin wani Pak Tirto, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, an ce ba a kai shi sanin ƙarfe ba. Ina roƙon ka ƙara mini haƙuri. Lik Paimin ya zo jiya, ya auna ƙofar ɗakin gaba da taku, ya tambaye ni ko kabad ɗin nan naka ne ko nawa.

Ɗanka, Wagiran.

Lampung, Safar

Wagiran,

Muna lafiya. Kada ku je Solo! Ban yarda wani mai huda tikiti ya shinshina mini gadon kakanni ba. Nawa Majapahit ne, na sani, mahaifina ya sani. Ka je ka karɓo shi. Namiji kamar ka, mace ta ƙwace maka abu a hannu kana kallo?

Budenka ta karanta wannan layin ta yi dariya, ban san dalili ba.

Pakdenka.

Karanglo, watan Maulidi

Pakde,

Barka da shan Maulidi. Ina fata kai da Bude kuna cikin ƙoshin lafiya. Mun fara girbi, shinkafar ta yi kyau, ta gefen rafi ce kawai ɓeraye suka taɓa.

Wasiƙarka mai cewa kada mu je ta same ni bayan mun je mun dawo. Da ta riga mu, da na bi maganarka, Allah ya sani. Zan faɗa maka komai yadda ya faru, ba zan rage ba.

Fitar da Pak Karso daga gida ma aiki ne. Ya tsaya a bakin mota yana girgiza kube a kunnensa, matarsa ta tura shi ciki ta baya.

Pak Tirto ɗan siririn tsoho ne, gidansa cike da kejin tsuntsaye. Bai tambaye mu abin da ya kawo mu ba sai da muka sha shayi biyu, ya ji sunan garinmu da na iyayenmu da yadda damina ta kasance. Sannan ya wanke hannu, ya shimfiɗa farin ƙyalle. Na lura ba ya fizgo ƙarfe daga kube, kuben yake janyewa a hankali ya bar ƙarfen a inda yake. Ya ɗauki mai kaurin ya auna shi a tafin hannu. Ya kai shi bakin taga ya karkata shi ga haske. Ya ɗan ƙwanƙwasa shi da farce a kusa da kunne, ya rufe ido har ƙarar ta mutu. Ya shafa shi da babban yatsa daga gindi zuwa tsini. Kuma gaskiyarka, Pakde, ya shinshina.

Pak Karso ya kasa haƙuri. Ya ce, "Majapahit ne, ko, Pak?"

Pak Tirto ya ce, "Kowa da ya shigo ɗakin nan Majapahit yake kawowa. Da duk gaskiya ne, da mutanen Majapahit ba su yi noma ba, sai ƙira."

Ya ce shi ba ya yanke hukunci, ƙiyasi yake yi, abin da suke kira tangguh, domin bai ga maƙerin da idonsa ba. Amma a iya ganinsa, mai kaurin ɗan bakin teku ne, ƙirar Tuban. Ya nuna mana faɗin jikinsa, da yadda gindinsa ya yi ƙiba, da ƙarfen da ya yi toka-toka kamar busasshiyar laka. Ya ce tsoho ne ƙwarai, in bai ga ƙarshen Majapahit ba to ya ji labarinta da ɗuminsa.

Sai ya ɗauki siririn. Ya yi murmushi. Ya ce wannan ɗan cikin ƙasa ne, ƙirar Mataram, mara nauyi, baƙin ƙarfe mai ɗan shuɗi, farin zanensa ya fito fes. Ya ce maƙerin mai natsuwa ne, ba ya gaggawa. Na ce shekarunsa fa? Ya ce, "In sun haɗu a hanya, shi zai fara gaida wancan."

Na ga Pak Karso ya gyara zama.

Daga nan Pak Tirto ya juya kan kubban. Ya ce ba a sayen kube a sa wa ƙarfe kamar hula, sassaƙa shi ake yi a kan ƙarfen, a gwada, a kankare, a sake gwadawa, har bakin kube ya ɗauki siffar gindin ƙarfen. Ya haska cikin naka da tocila ya nuna mini inda itacen ya yi santsi. Ya ce kubenka, mai ƙirar Solo, an sassaƙa shi ne domin siririn. Na Pak Karso, mai ƙirar Yogya, domin mai kaurin. Ya nuna mini wani gurzo na daban a bakin naka, inda ƙarfen da ya fi ƙarfinsa ya daɗe yana cin itacen.

Ya ce, "Wanda ya mayar da su haka ya mayar da kowa gidansa."

Na ce, "Pak, ni kuskure na yi."

Ya ce, "To ka yi shi da kyau."

A mota Pak Karso ya rungume mai kaurin kamar jariri. Na ce, "Pak, yaushe za mu musanya?" Ya ce, "Musanya me? Ba ka ji masani ba? Dama ni tun ina yaro jikina yake ba ni cewa namu ya fi haka kauri." Mutumin da ya yi wa siririn kuka a baranda ke nan. Bu Karso kuwa tana ta lissafa garuruwan da za ta je.

Abin ya tsaya mini a rai, yadda aka yi suka sauya gida tun farko. Na je wurin Mbah Painem mai sayar da ganyen shayi, ita kaɗai ta rage cikin sa'o'in kakana. Da ƙyar take ji, sai da na yi ihu har kaji suka watse. Ta ce ai kakana da mahaifin Pak Karso kullum tare suke yi wa ƙarafansu wankan Suro, a wannan kwamin dai. Wata shekara a zamanin Japan suna cikin wankan, wani ya rugo da gudu ya ce ga sojoji nan suna kwashe ƙarafa. Kowa ya cafki ɗaya ya tura a kube ya ruga. Kakana ya ɓoye nasa a rumbu, wancan a ƙarƙashin akurki. Ashe mai gyaran fitila ne a kan keke. Ta ce bayan nan ne kakana ya fara cewa nasa ya tashi gadi saboda zamani ya lalace, wancan kuma ya ce nasa ya fara magana. Ta yi dariya har ta ƙware.

Yanzu ga inda muke. Lik Paimin ya kawo awakinsa ya ɗaure a gindin mangwaro, sun cinye barkonon Bude. Ya ce in bar masa bokitin madafa. Ni na ɗaure kayana, ba su da yawa. In ka ce in fita zan fita, ba zan ja da kai ba. Mai kaurin ba zan iya karɓo shi ba sai da sata, kuma ba zan shiga gidan maƙwabci in saci abin da yake nasa ba, ko da gona ce a kai.

Amma akwai abin da nake ta juyawa a raina ina yankan shinkafa, ka ba ni izini in faɗa. Ni ban yi karatu mai nisa ba, abin da na gani kawai zan ce. Mai kaurin nan, shekara arba'in da wani abu yana gidanmu, ana ba shi turare da furanni, bai taɓa yarda ya shiga ɗaki ya zauna ba. Baƙo ke yin haka, ya tsaya a bakin ƙofa. Siririn kuma, na kakanmu na gaskiya, duk tsawon shekarun nan yana gidan mutane, duk lokacin da aka ɗaga shi sai ya buga ƙofa. Pak Karso ya ɗauka gargaɗi yake masa. Ni ina ganin ba da shi yake ba. Tunda ya shigo kubensa bai ƙara cewa komai ba.

Kuma Pak Tirto ya ce irin wannan ƙirar ta Mataram ita ake gani a hannun mutanen fada. Na Tuban kuwa, ya ce fatake da masu jirgin ruwa sun yi yawo da su sosai. Ban faɗa wa Pak Karso wannan ba, yana waje yana sayen gyaɗa lokacin.

Ina jiran umarninka.

Ɗanka, Wagiran.

Lampung, bayan Maulidi

Le Wagiran,

Muna lafiya, gwiwa ta yi sauƙi. Wasiƙarka ta zo, na sa an karanta mini sau biyu saboda rubutunka kamar sawun kaza.

Babu abin da ka faɗa da ya ba ni mamaki. Ni dama na daɗe ina shakkar mai kaurin nan. Ka dubi zuriyarmu, akwai mai ƙiba a ciki? Karso ya riƙe kayan fatakensa, ya dace da shi, kakansa ma gishiri yake sayarwa. Pak Tirto mutumin kirki ne, in ka sake shiga Solo ka kai masa kofi daga gare ni. Ka tambaye shi wane sarki ne a Mataram lokacin, ka rubuto mini sunan da manyan baƙaƙe.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Dattijonmu ya yi shekara arba'in yana kiran gida, wancan kurman yana fasa tafiya. Ka ƙona masa turare mai kyau, ka ba shi haƙuri a madadina.

Ka kwance kayanka. Ka gaya wa Paimin ya kwashe awakinsa, Budenka ta ce zai ji bakinta a kan barkonon in ta zo. Daga yau kuma kwamin nan mutum ɗaya yake ɗauka, ko Lurah, dagacin gari, ne ya leƙo ta shinge ka ce ya cika.

Saura magana ɗaya, kuma tsakanina da kai ce. Bayan Sallah zan zo da Pak Haji Dullah, wanda ɗansa ke neman ƙanwarka Sumini. Tun da muka sauka garin nan nake ba shi labarin keris ɗin da ba ya kwanciya, shi ma ya ba surukansa, har limaminmu ya ce a gaishe shi. Mutumin nan zai tsallaka teku musamman domin ya gani da idonsa. Sabon labarin ya fi daɗi, na sani, amma yana da tsawo, kuma Pak Haji ba ya son a canja masa magana.

Saboda haka ka samo audugar rimi kaɗan, ka tura ta can ƙasan kuben da tsinke. Faɗin yatsa ɗaya ya isa. Ka nemi izinin Dattijo tukuna, ka ce masa na kwana uku ne kawai.

Pakdenka, Marto.